Gwajin da Aka Ƙera Domin Ledar Jini

A shekarun 1960, a babban asibitin bincike na gwamnatin Amurka da ke Bethesda, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya aka ƙara musu jini mai yawa sukan kamu da ciwon hanta bayan wasu makonni ko watanni. Likita ya gyara zuciya, jinin da aka ceci rai da shi kuma ya shigo da wata cutar. Daga wannan matsala ce gwajin jinin da ake yi yau don gano ciwon hanta nau'in C ya samo asali, kuma asalin nan yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ba domin mai ɗauke da cutar aka fara neman gwajin ba, an neme shi ne domin a kare wanda za a ƙara wa jini. Tambayar da aka ƙera shi ya amsa ita ce: wannan leda, a ɗaura wa mara lafiya ko a zubar? Shi kuwa mutumin da aka ɗebi jininsa, tambayarsa daban ce: ina da cutar ko ba ni da ita, in kuma ina da ita mene ne abin yi? An ɗauki shekaru masu yawa kafin a daidaita gwajin da wannan tambaya ta biyu, kuma a wurare da dama, har da namu, ana ci gaba da miƙa wa mutum amsar da leda kaɗai ta dace da ita.

Matakin farko ma bai shafi nau'in C ba. A 1965 Baruch Blumberg da abokan aikinsa, cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Harvey Alter, suka ba da labarin wani sinadari da suka gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar cewa ɓangare ne na ƙwayar cutar hanta nau'in B. Da aka sami hanyar gane shi, asibitin Bethesda ya yi abu biyu a 1970: ya daina karɓar jinin saye ya koma ga masu bayarwa kyauta, ya kuma fara gwada kowace leda. Yawan masu kamuwa ya faɗo daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa kusan kashi 10. Mafi yawan wannan ragi daga barin jinin saye ya zo, domin wanda talauci ko shaye-shaye ya kai shi ga sayar da jininsa ba zai faɗi abin da zai hana a saya ba. Amma kashi goman nan ya ƙi tafiya. A 1973 Stephen Feinstone da Albert Kapikian da Robert Purcell suka gano ƙwayar nau'in A, aka yi zaton ita ce ta rage. Alter kuwa ya kasance yana bin waɗanda aka ƙara wa jini wata da watanni, yana ɗibar jininsu lokaci zuwa lokaci yana adanawa a ƙanƙara tare da na waɗanda suka ba su. Da aka gwada wannan ajiya a 1975, sai aka ga yawancin marasa lafiyar ba su da A, ba su da B. A 1978 aka nuna cewa jininsu yana sa wa birai nau'in cimfanzi cutar, wato akwai wata ƙwaya mai yaɗuwa. Shekara goma sha huɗu likitoci suna kiranta cutar da ba A ba kuma ba B ba, saboda iyakar abin da aka sani ke nan.

Abin da ya sa gwaji ya zama komai a wannan cuta shi ne halinta na ɓuya. Mutanenmu sun saba haɗa ciwon hanta da shawara, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. Nau'in C ba kasafai yake nuna wannan ba. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa jin komai a farko, suna noma suna kasuwa suna haihuwa, ƙwayar tana cin hanta a hankali. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin mutum uku cikin goma jikinsu yakan kori cutar da kansa cikin wata shida, sauran bakwai ta zauna musu, kuma cikin waɗanda ta zauna wa, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 hantarsu takan taurare ta ƙanƙance cikin shekara ashirin. Daga nan sai kumburin ciki, aman jini, ko sankarar hanta. Kafin jiki ya yi magana, ɓarna ta yi nisa. Babu kuma allurar riga-kafinta har yau, ba kamar nau'in B ba.

A farkon shekarun 1980 aka shiga wata muhawara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce hujja mafi ƙarfi da za a iya kawowa a kan abin da nake faɗa. Tun da ba a san ƙwayar ba, wasu suka ce a yi amfani da gwajin zagaye: a auna sinadarin ALT, wanda yake hawa a jini idan hanta tana ciwo, a kuma duba alamar tsohuwar kamuwa da nau'in B, tun da hanyar shigar cututtukan biyu ɗaya ce. Bincike ya nuna wannan zai hana kimanin kashi ɗaya cikin uku na kamuwa, amma zai sa a zubar da jini mai yawa da babu komai a cikinsa. Masu adawa suka ce gwaji ne na kame-kame, zai rage jini a asibitoci, zai tayar da hankalin masu bayarwa a banza. Amurka ta yi jinkiri, sannan ta karɓa a 1986 zuwa 1987. Kanada ta ƙi. Kwamitin binciken Mai Shari'a Horace Krever, wanda ya miƙa rahotonsa a 1997, ya ɗora laifi a kan wannan ƙi, kuma diyyar dalar Kanada biliyan 1.1 da gwamnatoci suka sanar a 1998 ta shafi waɗanda suka kamu tsakanin 1986 da 1990 ne, wato daidai shekarun da aka ƙi gwajin. A Birtaniya, rahoton Sir Brian Langstaff na watan Mayu 2024 ya ce fiye da mutum 30,000 ne suka kamu da cutar ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C ta hanyar jini da magungunan da ake haɗawa daga jini, kimanin 3,000 sun mutu, kuma jinkirin fara gwaji yana cikin abin da ya zarga. Darasin a fili yake: a ma'ajiyar jini, gwaji mai kuskure ya fi babu. In an zubar da leda mai kyau, leda aka yi asara. In an ɗaura mai cuta, rai aka taɓa. Wannan hukunci daidai ne, kuma ba na jayayya da shi. Matsalar ta taso ne lokacin da aka ɗauko wannan ma'auni daga ma'ajiyar jini aka kai shi ɗakin ganin likita ba tare da an sake shi ba.

Yadda aka gano ƙwayar ma ya nuna haka. A kamfanin Chiron da ke Emeryville ta jihar Kalifoniya, Michael Houghton da Qui-Lim Choo da George Kuo sun shafe kusan shekara shida suna nema ba su samu ba. Daniel Bradley na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya ba su ruwan jinin biri mai ɗauke da ƙwayar da yawa. Suka kwaso duk wani ɓurɓushin ƙwayar halitta da ke cikinsa, suka dasa a cikin bakteriya domin kowane ɓurɓushi ya fitar da furotin ɗinsa, sannan, bisa shawarar Kuo, suka riƙa zuba ruwan jinin mara lafiya a kai suna duba inda sinadaran kariyar jikinsa za su manne. Bayan sun tace miliyoyin ɓurɓushi, ɗaya ya amsa, wanda suka yi wa lamba 5-1-1. A lokacin ba a taɓa ganin ƙwayar da madubin likita ba, ba a taɓa rainonta a ɗakin gwaji ba, amma aka kama ta ta hanyar martanin da jikin mutum yake yi mata. Alter yana da wasu kwalaben jini da ya ɓoye sunayensu, waɗanda masu da'awar gano ƙwayar da dama suka faɗi a kansu a baya. Chiron ta tantance su daidai. A watan Afrilu 1989 mujallar Science ta buga takardu biyu tare, ɗaya kan ƙwayar, ɗaya kan gwajin. Ke nan tun ranar farko, abin da gwajin yake gani ba ƙwayar ba ce, martanin jiki ne. A 1997 Charles Rice ya tabbatar cewa ƙwayar ita kaɗai tana jawo cutar, kuma a 2020 aka ba Alter da Houghton da Rice kyautar Nobel. Choo da Kuo ba su shiga ba, abin da ya daɗe yana damun Houghton, har ya ƙi karɓar kyautar Gairdner ta Kanada a 2013 saboda an bar su a baya.

A aikin da aka ƙera shi dominsa, gwajin ya yi nasarar da ba a cika samun irinta ba. Japan ta fara tace jinin masu bayarwa a ƙarshen 1989, Amurka a watan Mayu 1990, Birtaniya sai Satumba 1991. A 1992 aka fito da ingantaccen zubi na biyu mai gane ɓangarori da dama na ƙwayar, daga baya na uku. A 1999 ma'ajiyoyin jini na Amurka suka ƙara da gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar kai tsaye. Haɗarin da ya kasance ɗaya cikin uku a Bethesda ya koma kusan ɗaya cikin leda miliyan biyu.

To amma me gwajin yake faɗa wa mutum? Wanda ya ga sawun kura a bakin gari ya san kura ta bi ta nan, bai san ko tana nan ko ta wuce tun bara ba. Sinadaran kariya sawu ne. Wanda jikinsa ya kori cutar da kansa yana ɗauke da su, wanda aka yi wa magani ya warke sarai yana ɗauke da su, galibi har ƙarshen rayuwa. Jaririn da uwarsa ke da su yakan gaje su har zuwa wata goma sha takwas ko da bai kamu ba. A ɗaya gefen, wanda ya kamu kwanan nan gwajin ba ya ganinsa sai bayan mako takwas zuwa goma sha ɗaya, haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai yana iya fita ba a gan shi ba. Ga kuma amsar ƙarya, inda gwajin ke kama wasu sinadaran da ba na wannan cuta ba. An sha ganin haka a Afirka: a wani bincike da aka buga a 2013 daga yankin Rakai na Yuganda, cikin mutum 1,000 an sami 76 da gwajin farko ya nuna suna da alamar, amma da aka nemi ƙwayar kanta ba a same ta a jinin ko ɗaya ba. Tun 1990 masu ba da jini a Amurka da Turai suka fara samun wasiƙu cewa an ƙi jininsu, da yawansu lafiyarsu ƙalau, likitocinsu kuma ba su da abin da za su gaya musu. Aka ƙirƙiro gwaji na biyu mai suna RIBA don rage amsar ƙarya, sai dai shi ma sawun yake sake dubawa. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin PCR, wanda yake ninka ƙwayar halittar cutar har a gan ta, kuma yana iya ganinta mako ɗaya zuwa biyu bayan kamuwa. In an sami ƙwayar, mutum yana da cutar yanzu. In ba a samu ba, sawu ne kawai. A 2013 hukumar CDC ta cire RIBA daga tsarinta ta tsaya a kan mataki biyu: a nemi alama, in an gani a nemi ƙwaya. A wannan shekarar ce kuma hukumar ta bayyana cewa kusan rabin waɗanda aka kawo rahotonsu a yankunan da ta bibiya, a mataki na farko suka tsaya. In haka ta faru a ƙasar da aka ƙera gwajin, sai a auna inda PCR yake da nisan tafiyar yini.

Akwai masu cewa wannan sakaci yana da dalili, kuma ba ƙarya suka yi ba. Shekara ashirin da wani abu, sanin cewa kana da cutar ba ya kai ka ko'ina mai daɗi. Maganin da ake da shi allurar intaferon ce, wadda aka amince da ita a 1991, aka haɗa ta da ƙwayar ribabirin a 1998. Mutum yakan yi har mako 48 yana shan allura, da zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini da baƙin ciki mai tsanani, sannan a reshen nau'in C da ya fi taurin kai kusan rabi ne suke warkewa. Likitan da ya yi jinkirin tura mai lafiya a ido ya je ya tabbatar da cutar da maganinta ya fi ta wahalarwa a lokacin, ana iya fahimtarsa. Amma wannan uzuri ya mutu a watan Disamba 2013, lokacin da aka amince da maganin sofosbubir, aka shiga zamanin ƙwayoyin da ake sha mako takwas zuwa goma sha biyu, masu warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Farashin farko a Amurka dala 84,000 ne, dala dubu kowace ƙwaya, abin da ya jawo wa kamfanin Gilead mai yin maganin suka daga ko'ina. Da aka ba kamfanonin Indiya da wasu ƙasashe damar yin irinsa, farashin ya faɗo ƙasa da dala ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Shawarar gwaji ma ta bi sawun magani: a 1998 Amurka masu haɗari kawai take gwadawa, a 2012 ta ƙara duk wanda aka haifa tsakanin 1945 da 1965, a 2020 ta ce kowane baligi ya yi ko sau ɗaya ne a rayuwa. Tun da magani ya samu, matakin da ya rage tsakanin mutum da warkewa shi ne amsa ta gaskiya.

Ƙasar da ta fahimci wannan ta aikata shi ita ce Masar, kuma ita ce ta fi kowa buƙata. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, gwamnati ta yi gangamin yaƙi da tsargiya a ƙauyukan bakin Kogin Nilu, ana jera mutane ana yi musu allura a jijiya sau da yawa, da sirinjin gilashi da ake maimaitawa ba tare da an tafasa shi yadda ya kamata ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Miliyoyin allurai suka shuka ciwon hanta a ƙauye bayan ƙauye, ba wanda ya sani sai da gwaji ya zo. Binciken lafiya na ƙasa na 2008 ya gwada matakan biyu: kashi 14.7 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 59 suna da alamar, kashi 9.8 suna da ƙwayar. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu miliyoyin mutane ne da gwajin farko kaɗai zai kira marasa lafiya alhali ba su da cutar. Masar ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da cutar a 2006, ta buɗe cibiyoyin magani, a 2014 ta samo sofosbubir a kusan dala 900, sannan kamfanoninta suka fara yin nasu da arha. Cikin shekara huɗu aka yi wa fiye da mutum miliyan biyu magani. Sai masu zuwa suka fara raguwa, ba don cutar ta ƙare ba, sai don waɗanda suka san suna da ita sun ƙare.

A watan Oktoba 2018 aka fara gangamin da aka yi wa laƙabi da lafiyar mutum miliyan ɗari. Cikin wata bakwai aka gwada mutum miliyan 49.6 cikin manya miliyan 62.5 da aka nufa, a asibitoci da masallatai da majami'u da masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa da motocin da ke zagaya ƙauyuka. Ana tsira yatsa, a sami amsa cikin kusan minti ashirin. Kashi 4.6 cikin 100 suka nuna alama. Abin da ya bambanta wannan gangami da wasu ba yawan mutanen ba ne, abin da ya biyo bayan tsirar yatsar ne. Ana shigar da sakamako a kwamfuta nan take, a ba mutum rana da cibiyar da zai je, a yi masa PCR da gwajin hanta kyauta, in an sami ƙwayar a ba shi magani kyauta. Cikin waɗanda aka yi wa PCR, kusan kashi uku cikin huɗu ne aka sami ƙwayar a jininsu, sauran aka sallame su da labari mai daɗi. Fiye da kashi 90 na masu ƙwayar suka fara magani, kuma kusan kashi 99 na waɗanda aka san sakamakonsu sun warke. An kuma yi dabarar haɗa gwajin da awon hawan jini da sukari da ƙiba, ta yadda wanda aka gani a layi ba za a ce ciwon hanta ya kawo shi ba. Saboda gwamnati ta sayi kayan gaba ɗaya ta yi ciniki, gwajin yatsa ya faɗo ƙasa da dala ɗaya, PCR ya koma kusan dala biyar. A watan Oktoba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar matakin zinare a hanyar kawar da cutar, ƙasa ta farko da ta samu, bayan yawan masu ita ya sauko ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100.

Za a ce Masar daban ce: cutar ta yi mata katutu, gwamnatinta mai ƙarfin tsakiya ce, tana da masana'antun magani, ta kuma sami rancen Bankin Duniya. A Najeriya kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.1 cikin 100 na manya da nau'in C, a gefen kashi 8.1 na nau'in B, don haka wai ba a buƙatar tsari mai tsada irin wancan. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, ba kowace ƙasa ce za ta gwada mutum miliyan hamsin cikin wata bakwai ba. Amma rabi na biyu lissafin ya juya musu. Duk inda cuta ta yi ƙaranci, rabon amsar ƙarya cikin masu nuna alama yana ƙaruwa. A ɗauka gwaji yana kuskure sau ɗaya cikin ɗari, aka gwada mutum dubu a garin da goma ne kawai suka taɓa kamuwa. Za a sami kusan mutum ashirin da alama, goma na gaskiya, goma na kuskure, kuma cikin goman gaskiyar ma uku jikinsu ya riga ya kori cutar. Ke nan bakwai ne kaɗai cikin ashirin suke buƙatar magani. Ƙarancin cutar hujja ce ta wajabcin mataki na biyu, ba ta barinsa ba. Kuma matsakaicin ƙasa yana ɓoye wuraren da cutar ta taru, kamar jihar Nasarawa, wadda ta ƙaddamar da nata shirin kawar da ita a 2020. Batun kayan aiki ma ba daga tushe za a fara ba: injinan GeneXpert da aka rarraba don gwajin tarin fuka suna iya gwada ƙwayar nau'in C idan an samar da harsashin gwajinta, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a yi mataki na biyu kai tsaye da zarar an ga alama, da jinin da aka riga aka ɗiba, don kada mutum ya ɓace tsakanin zuwa na farko da na biyu.

Inda wannan tarihi ya fi taɓa mu shi ne inda takardar gwaji ta fara yanke hukunci a kan rayuwar mutane. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma ciwon hanta nau'in B da C suna cikin abin da ake dubawa. Ana kuma neman irin wannan takarda wajen ɗaukar wasu ayyuka da tafiya aiki ƙasashen Larabawa. Niyyar dokar kyakkyawa ce, kuma dama ce ta gano mutanen da ba za su taɓa zuwa gwaji da kansu ba. Amma gwajin da ya fi samuwa a ƙananan ɗakunan gwaji shi ne na tsirar yatsa, wanda alama kawai yake gani. Idan aka miƙa wa waliyyi takarda mai cewa an ga ciwon hanta, ba a bambance B da C ba, ba a bambance alama da ƙwaya ba, ana iya fasa auren yarinyar da ba ta da komai, ko wadda maganin wata uku zai warkar, a cutar da ba kasafai take yaɗuwa tsakanin miji da mata ba, ba ta kuma bin kwanon abinci ko gaisawa. Hanyarta jini ce: allurar da aka maimaita a kemis, ƙarin jinin da ba a tace ba, askar wanzami da ƙahonsa in an yi wa wani aka yi wa wani ba a tsabtace ba, almakashin mai yankan farce. Masu cewa rabin gwaji ya fi babu suna ɗauko hukuncin 1986 ne, wanda ya dace da leda. Ita leda ana zubar da ita bisa zato a ɗauko wata. Mutumin da aka yi wa hukunci bisa zato yana nan tare da mu, da sunan da aka ɓata masa, da kuɗin da zai zuba wajen masu sayar da jiƙe-jiƙen wanke hanta, waɗanda wasunsu su ne ke lalata ta. Ita ma ledar, ba mu gama mata adalci ba, domin har yau jini mai yawa a asibitocinmu daga 'yan uwan mara lafiya yake fitowa cikin gaggawa, ko daga masu sayarwa da ke rakuɓe a bakin ƙofa, wato abin da Bethesda ta bari tun 1970.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kusan 242,000 suka mutu da ita a 2022, kuma kashi 36 cikin 100 ne kawai aka gano, kashi 20 aka yi wa magani, ga shi wa'adin kawar da ita 2030 ne. Duk hukumar da ta wajabta gwaji, wajibinta ne ta samar da mataki na biyu a farashin da talaka zai iya, ta kuma hana a rubuta wa kowa cewa yana da ciwon hanta nau'in C alhali ba a nemi ƙwayar a jininsa ba. Kai kuma mai karatu, in an ba ka ko wani naka irin wannan takarda, kada a fasa aure, kada a bar aiki, kada a fara shan komai, sai an tambayi likita ko alama aka gani ko ƙwaya, in alama ce a je a yi PCR.